'Yan daudu a fagen nishaɗi da barkwanci

'Yan daudu (tilo: ɗan daudu) rukuni ne na maza a ƙasar Hausa waɗanda ake siffantawa da cewa suna magana, tafiya da sana'a kamar mata. An fi saninsu da dafa abincin sayarwa a kasuwanni da tashoshin mota, da zama a gidajen mata masu zaman kansu, da kuma gwanintar habaici, ba'a da raha a wuraren biki. Sun daɗe suna cikin masu nishaɗantar da jama'a a birane irin su Kano, Katsina, Zariya, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram, da kuma garuruwan kasuwa da na kan iyaka. Tun daga shekarar 2000, lokacin da jihohin arewacin Najeriya suka fara aiki da dokokin Shari'a na hukunta laifuka, fagen da suke bayyana a cikinsa ya yi ta raguwa, yayin da siffarsu a matsayin abin dariya ta yaɗu a fina-finan Hausa da kafofin sada zumunta.

A rubuce-rubucen ƙasashen waje akan sanya 'yan daudu cikin jerin al'ummomin da ake kira LGBTQ. Wannan rabe-rabe bai dace da yanayinsu gaba ɗaya ba. A Hausa daudu suna ne na ɗabi'a da sana'a, luwaɗi kuwa suna ne na aiki, kuma ba lallai ne su haɗu a kan mutum ɗaya ba. Da yawan 'yan daudu suna da mata da 'ya'ya, suna ɗaukar kansu maza Musulmi, suna sallah a sahun maza. Akwai kuma maza masu neman maza waɗanda ba wanda zai kira su 'yan daudu, domin babu wata alamar mata a maganarsu ko shigarsu.

Asalin suna

Kalmar haɗi ce ta "ɗan" da "Daudu". Daudu laƙabi ne na sarauta da ake kiran Galadima ko ɗan sarki da shi a wasu masarautu. Masu nazarin bori sun danganta sunan da Ɗan Galadima, ɗaya daga cikin fitattun iskokin bori, wanda ake yi wa kirari da Daudu. A wajen 'yan bori Ɗan Galadima ɗan sarauta ne kyakkyawa, mai son ado da turare, mai caca, mai kyauta har ta wuce kima. Idan ya hau dokinsa, wato mutumin da iskar ta shiga, akan yi masa ado da manyan riguna, ya riƙa rabon kuɗi da goro. Fremont Besmer, wanda ya yi nazarin borin Kano ya kuma wallafa littafi a kansa a 1983, ya ambaci yadda 'yan daudu ke halartar wasannin bori tare da mata, suna rawa suna bayar da kuɗi, musamman idan wannan iska ta sauka.

Daga sunan ne aka samo "daudu" a matsayin sunan ɗabi'ar kanta, kamar a ce wane yana daudu ko ya bar daudu, sai kuma "daudanci". Abin lura a nan shi ne Hausa ta ɗauki daudu a matsayin abin da ake yi, ake kuma iya bari, tamkar fawa ko dukanci, ba a matsayin jinsi na uku ba.

Sana'a da muhalli

Babbar sana'ar 'yan daudu ita ce abinci: shinkafa da miya, dafa-duka, farfesu, waina, soyayyun kaji da ƙwai. A garuruwan da matan aure ke cikin kulle, ba sa iya zama a tasha ko bakin kasuwa su sayar wa baƙi abinci, sai dai su aika yara talla. 'Yan daudu da mata masu zaman kansu ne suka cike wannan giɓi. Rumfar abinci takan zama ƙaramar makaranta: babba, wanda ake kira uwar ɗaki, yana da yara a ƙarƙashinsa masu wanke-wanke, hura wuta da fige kaji, har su ƙware su buɗe tasu. Wasu kuma sukan yi kawalci tsakanin karuwai da maza masu nemansu, kuma wannan ne ya fi jawo musu baƙin jini.

Tsarin ya fi ƙarfi a inda baƙi ke haɗuwa. A arewacin Jigawa, masarautar Gumel ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, wato Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, yanki ne na noman gero da kiwo da ke kan iyaka da jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, tana tara fatake, direbobi da dillalai daga ɓangarorin iyakar biyu, kuma irin wannan taro na matafiya da ke nesa da gidajensu shi ne kasuwar masu abincin sayarwa a ko'ina a ƙasar Hausa. Daga irin waɗannan yankuna kuma samari ke tafiya cin rani zuwa Kano idan an gama girbi. Ga yaron da aka saba yi wa gori a ƙauye saboda muryarsa ko tafiyarsa, rumfar wani ɗan daudu a birni takan zama wurin da zai fara samun abinci, makwanci da mutanen da ba za su kore shi ba.

Harshe da salon magana

Abin da ya fi bambanta ɗan daudu ba sutura ba ce, magana ce. Mafi yawansu rigar maza suke sawa, ko da za su ɗaura zani a kanta lokacin girki ko su yafa ɗankwali a wajen biki. Da baki ake gane su.

Hausa harshe ne mai rarrabe jinsi har a mutum na biyu: kai da ke, ka zo da kin zo, naka da naki. Saboda haka ba a iya yi wa mutum ɗaya magana kai tsaye ba tare da an zaɓi ko namiji ne ko mace ba. Turanci ba shi da wannan tilasci a mutum na biyu, shi ya sa wasan da 'yan daudu ke yi da wakilin suna yake da wuyar fassarawa. A tsakaninsu sukan kira juna da "ke", da "ƙawata", da "'yar nan", su ba juna sunayen mata da laƙabi irin su Hajiya. Idan baƙo ya shigo, ko zance ya koma na kasuwanci, addini ko iyali, sai su koma "kai" ba tare da an yi shela ba. Mutum ɗaya zai iya zama "ita" a cikin raha, ya zama "shi" bayan minti biyu idan ana maganar sunan ɗansa. Wannan sauyi ba kuskure ba ne, hanya ce ta nuna kusanci ko nisa, wasa ko gaske. Wani lokaci ma makami ne: a kira abokin faɗa da "kai" a inda ya saba jin "ke" tamkar an fitar da shi daga cikin ƙawaye ne.

Bayan wakilin suna akwai kalmomin motsin rai da Hausawa suka san su da bakin mata, irin su "ni 'yasu" da "ahayye", da shewa, tafa hannu, guɗa, jan wasali da lanƙwasa murya. Akwai kuma abin da jiki ke yi: fari da ido, murguɗa baki, riƙe ƙugu, harara da tsaki. Ba kowace mace ce ke magana haka ba, kuma matan da ake kwaikwayo ma ba kullum suke yi ba. Abin da ɗan daudu ke ɗauka shi ne salon mace a lokacin da take kan fage, wato uwargida a tsakar gida tana yi wa kishiya shaguɓe, ko ƙawar amarya a wajen kamu. Don haka maganarsu ta fi ta mata kaifi da ƙawa, kamar yadda mai wasan kwaikwayo kan ƙara gishiri a kan abin da ya gani.

Habaici shi ne ginshiƙin fasahar. Ya bambanta da zambo, wanda ke kama suna ko siffa ya muzanta mutum a fili. Mai habaici ba ya ambaton kowa. Yakan jefa magana sama, ko ya fuskanci wani na uku, ko ma tukunya ko kaza, alhali duk wanda ke wurin ya san inda aka nufa. Wanda aka yi dominsa yana cikin tsaka mai wuya: in ya tanka ya amsa laifi, in ya yi shiru an ci shi. Mafita ɗaya ita ce ya mayar da habaicin da ya fi na farko, shi ya sa musayar kan zama gasa, 'yan kallo suna shewa ga wanda ya fi iya sarrafa karin magana. 'Yan daudu sun yi suna wajen karin magana irin na kishiyoyi, masu ƙarewa da "in ji wance", da kuma ƙirƙiro sababbi nan take a kan tsohon ƙira.

Masanin harshe Rudolf Gaudio, Ba'amurke da ya yi bincike a Kano tun farkon shekarun 1990, ya tattara irin waɗannan zantuka a littafinsa mai suna Allah Made Us, wanda ya fito a 2009. Sunan littafin fassara ce ta abin da ya ji 'yan daudu na faɗa game da kansu, cewa su ma Allah ne ya yi su. Gaudio ya mayar da hankali kan kalmar "wasa". Idan aka tuhumi ɗan daudu kan wata magana, amsarsa ita ce wasa ne, kuma a al'adar Hausa abin da aka faɗa cikin wasa ba a kai shi gaban alƙali. Ya kuma yi bayanin wani sara da ake kira yaren harka, inda kalmomin yau da kullum, har da ita kanta kalmar "harka", ke ɗaukar ma'ana ta biyu wadda na ciki kaɗai ke ganewa. Samun irin wannan sara ba baƙon abu ba ne; mahauta, 'yan mota da 'yan tauri duk suna da nasu. Bambancin shi ne nasu don sirrin ciniki ne ko alfahari, wannan kuwa don tsira ne. Kafin Gaudio, Gerald Kleis da Salisu Abdullahi sun wallafa nazari kan 'yan daudun Kano a 1983, Renée Pittin kuma ta yi bayaninsu a cikin bincikenta kan gidajen mata a Katsina.

Wani abin da masu bincike suka lura da shi shi ne tsarma Larabci a cikin zance. Wasu 'yan daudu sun yi zama a Jidda da Makka, suna girki da wasu ayyuka a cikin Hausawan da ke can, suka dawo da kuɗi, da laƙabin Alhaji, da Larabcin kasuwa na Hijaz. Jefa kalmar Larabci a tsakiyar habaici hanya ce ta nuna cewa mai maganar ya ga duniya, ya kuma taka ƙasa mai tsarki wadda mai zaginsa wataƙila bai taɓa zuwa ba.

Matsayinsu a cikin masu ban dariya na gargajiya

Al'ummar Hausawa ta daɗe da ware wasu mutane da aka yarje wa faɗin abin da sauran jama'a ba za su faɗa ba. Wawan sarki yakan gaya wa sarki gaskiya a cikin shirme. 'Yan kama sukan kwaikwayi malamai da mawaƙa, su mayar da karatu da wa'azi zancen tuwo da miya. 'Yan gambara sukan bi kasuwa da habaici da batsa har sai an ba su abin da zai rufe musu baki. Akwai kuma wasan barkwanci tsakanin taubasai, tsakanin jika da kaka, da tsakanin ƙabilu da garuruwa, kamar Fulani da Barebari ko Katsinawa da Gobirawa da wasunsu. A duk waɗannan, sharaɗin izinin shi ne mai maganar ya karɓi ƙasƙancin matsayi. Ana dariya da abin da ya faɗa, amma ba a son a ba shi 'ya.

'Yan daudu sun shiga wannan sahu ta ƙofar mata. A bukukuwan aure da suna na wasu gidaje, da ajo da magajiya ke shiryawa, su ne masu girki, masu rakiya da masu raya fili. Suna da nasu bukukuwan kuma, inda ɗaya zai gayyaci ƙawaye daga garuruwa daban-daban, a kira makaɗa, a yi rawa, maroƙi yana shelanta abin da kowa ya bayar. Kuɗin da aka tara bashi ne na zumunci, domin wanda aka yi wa kari yau zai rama idan bikin wani ya zo, daidai da tsarin biki da mata ke yi a tsakaninsu. Ta wannan hanya biki ya zama nishaɗi, asusu da kuma rajistar wanda ke cikin jama'a.

Shigar wani jinsi don wasa ma ba baƙuwa ba ce a al'ada. A wasannin tashe na watan azumi yara sukan yi shigar tsofaffi, malamai, dabbobi, ango da amarya, kuma ba a ɗaukar hakan a matsayin daudu. Bambancin a wurin jama'a shi ne ɗan tashe yana cire kayan wasa idan an sha ruwa an gama yawo, ɗan daudu kuwa da muryarsa yake kwana.

A fina-finai da kafofin sada zumunta

Masana'antar fina-finan Hausa ta bidiyo ta faro a Kano a 1990 da fim ɗin Turmin Danya, kuma tun da wuri ɗan daudu ya zama ɗaya daga cikin siffofin da 'yan barkwanci ke hawa, tare da ɗan ƙauye, boka da ɗan sandan da ba ya jin Turanci. Mafi shahara shi ne Rabilu Musa, wanda aka fi sani da Ɗan Ibro, ɗan asalin Ɗanlasan a jihar Kano, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014. Daga cikin jerin fina-finansa masu ɗauke da sunan Ibro akwai Ibro Ɗan Daudu, na farkon shekarun 2000, lokacin da muhawarar Shari'a ke kan ganiyarta.

Irin waɗannan fina-finai suna da fuska biyu. A gefe ɗaya suna nuna ɗan daudu a matsayin matsoraci, mai son kuɗi, mai tsegumi, kuma sau da yawa labarin kan ƙare da kamu, duka ko tuba, abin da ke ba masu shirya fim hujjar cewa faɗakarwa suke yi. A ɗaya gefen, abin da ke sa mutane sayen kaset ɗin shi ne habaicin da rangwaɗar, ba wa'azin minti biyar na ƙarshe ba. Ta haka salon maganar da ake korar masu shi daga unguwanni ya shiga ɗakunan matan aure da shagunan kallo, yara suka haddace shi. Waɗanda suka ci ribar kuwa 'yan wasa ne da ke iya cewa kwaikwayo kawai suke yi.

Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta sha takun saƙa da 'yan barkwanci. A 2008 wata kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Ɗan Ibro na wata biyu kan wani fim nasa na daban, Ibro Aloko. A 2024 hukumar, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta sanar da hana fina-finan da ke nuna daba da daudu. Kafin nan fagen ya riga ya koma wayar hannu. A TikTok, Facebook da YouTube samari da yawa suna ɗaura ɗankwali su kwaikwayi uwa, kishiya ko ɗan daudu don tara mabiya, kuma layin da ke tsakanin mai kwaikwayo da wanda ake zargi da ainihin ɗabi'ar ya zama abin da 'yan kallo ke yanke hukunci a kansa a wurin sharhi.

Addini da doka

Hujjar malamai a kan daudu ita ce hadisin Ibn Abbas da ke cikin Sahihul Bukhari, wanda ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza. Malaman fiƙihu sun yi bayani a kan wanda ake kira mukhannas. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya raba shi gida biyu: wanda aka halitta da laushin murya da motsi ba da gangan ba, wanda ba laifi a kansa, da wanda ya ƙirƙiri ɗabi'ar da gangan, wanda shi ne abin zargi. 'Yan daudu masu cewa Allah ne ya yi su suna jingina ne da ɓangaren farko, ko sun san littafin ko ba su sani ba. Masu sukarsu kuma suna sanya su a na biyu. A tarihin Madina na ƙarni na farko na Hijira an san mukhannasai da waƙa da barkwanci, mafi shahara a cikinsu shi ne mawaƙi Tuwais.

A ɓangaren dokar ƙasa, kundin hukunta laifuka na Jihar Arewa da ya fara aiki a 1960 ya sanya namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan zaman banza a sashe na 405, sashe na 284 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 kan saduwar da ta saɓa wa ɗabi'a. Bayan Zamfara ta buɗe ƙofa a ƙarƙashin Ahmad Sani Yariman Bakura, jihohi 12 suka ɗauki dokokin Shari'a; Kano da Jigawa duk a shekarar 2000, Jigawa a zamanin gwamna Ibrahim Saminu Turaki. Kundayen sun tanadi hukunci mai tsanani kan luwaɗi, har zuwa rajamu. Kano ta kuma yi dokar hana karuwanci da ayyukan baɗala, wadda ta tanadi ɗaurin shekara ɗaya ko tarar naira 10,000 ga namijin da ya kwaikwayi ɗabi'ar mata a aiki ko sutura. A wannan lokaci aka rufe gidajen mata da yawa, aka hana wasannin bori da wasu kaɗe-kaɗe a fili, wasu masu waɗannan sana'o'i suka koma Abuja, kudu ko tsallaken iyaka. Can ma ba a tsira ba: a watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar adawa da wani bikin nunin tufafi na ƙasa da ƙasa da aka shirya a Nijar ta rikiɗe a Maraɗi zuwa farmaki kan mashaya da gidajen mata.

A watan Agusta na 2007 an kama maza 18 a wani otal a Bauchi bisa zargin shigar mata. A watan Janairu na 2014 shugaba Goodluck Jonathan ya sanya hannu kan dokar hana auren jinsi, mai tanadin ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga masu kafa ko tallafa wa ƙungiyoyinsu. A watan Disamba na 2022 Hisbar Kano ta kama mutum 19 a wani taro da ta ce bikin auren jinsi ne. A cikin wannan shekarar aka gabatar da ƙudiri a Majalisar Wakilai don haramta shigar wani jinsi a faɗin ƙasa, wanda ya keɓe wasan kwaikwayo da nishaɗin jama'a daga hukunci. Wannan keɓewa ta maimaita tsohon tsarin al'ada ne a rubuce: an yarda a yi a kan dandamali, ba a yarda a rayu da shi ba.

Murya da sauyin zamantakewa

Masu nazari sun saɓa kan ko barkwancin 'yan daudu wata hanya ce ta neman sauyi. Masu cewa haka ne suna nuni da cewa habaici ne kaɗai hanyar da marar ƙarfi ke iya taɓa mai ƙarfi. Ɗan daudun da ya san sirrin wasu manyan gari, ya kuma iya jefa magana a gaban jama'a ba tare da kama suna ba, yana tona munafunci ta hanyar da mai wa'azi ko ɗan jarida ba zai iya ba. Kasancewarsa a fili ma, yana dafa abin da alhazai ke ci, tana nuna cewa mazantaka ba siffa ɗaya ba ce.

Masu ganin akasin haka suna cewa kariyar "wasa ne" ita ce kuma iyakarsa. Abin da aka faɗa cikin wasa ba a hukunta shi, amma ba a kuma ɗaukarsa da muhimmanci. 'Yan daudu ba su kafa ƙungiyar neman 'yanci ba, ba su nemi a canza dokar aure ba, kuma da yawansu suna kallon daudu a matsayin abin da za su bari wata rana idan sun tsufa. Hujjar wannan ɓangare ta fi ƙarfi idan ana maganar sauyin doka. Ta fi rauni idan ana maganar yadda mutane suka iya rayuwa shekaru masu yawa a cikin al'ummar da ke ƙyamarsu tana kuma gayyatarsu biki. Akwai ma masu ganin cewa zuwan kalmomin gwagwarmaya daga ƙasashen Yamma ya ƙara musu haɗari, domin abin da a da ake ɗauka a matsayin iskancin gida yanzu ana kallonsa a matsayin shirin baƙi.

Ƙuncin fagen bai tsaya a kansu kaɗai ba. A watan Nuwamba na 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu, saboda wani bidiyo da suka yi kan gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje.

Makamantansu a wasu ƙasashe

A Senegal akwai waɗanda Wolof ke kira gor-jigen, ma'ana namiji-mace, waɗanda a da manyan matan Dakar ke riƙe su don shirya bukukuwa, girki da mayar da baƙar magana a madadinsu. Su ma matsayinsu ya rushe a 'yan shekarun nan. A gaɓar Afirka ta Gabas masu jin Swahili suna da mashoga, masu alaƙa da kiɗan bikin mata. A kudancin Najeriya, Bisi Alimi ya bayyana kansa a shirin Funmi Iyanda na gidan talabijin na NTA a 2004, daga baya ya bar ƙasar zuwa Ingila, Bobrisky kuma ya zama sananne ta kafofin sada zumunta kafin a ɗaure shi wata shida a 2024 kan laifin wulaƙanta naira.

Misalin da aka fi kawowa na amfani da shigar mata don sukar mulki shi ne na Pieter-Dirk Uys a Afirka ta Kudu. Tun farkon shekarun 1980 yake fitowa a matsayin Evita Bezuidenhout, wata ƙirƙirarriyar matar Turawan Afirkana mai ji da kanta, yana faɗin abubuwa game da mulkin wariyar launin fata waɗanda hukumar tace labarai ba za ta bari a buga a jarida ba. A 1994 Nelson Mandela ya zauna hira da Evita a talabijin, bayan ya zama shugaban ƙasa.